Ƙafar Auwalu da Idon Jidda

Auwalu mai walda mutumin kirki ne, kuma duk masu sana'a na bakin kasuwar Tarauni za su shaide shi da haka. In ya ce ƙofarka za ta fito ranar Laraba, to ranar Laraba za ka zo ka tarar da ita a jingine, an shafa mata jan fenti tana shan iska. Ba ya ha'inci a ƙarfe, ba ya faɗa da kowa. Sai dai yana da wani hali guda da ya kusa jawo masa nadamar da ba ta da magani, kuma abin takaicin shi ne mutane yabonsa suke yi a kan halin. Auwalu ba ya faɗin ciwo, ba ya kuma son jin wani yana faɗa. Har alfahari yake yi da hakan.

Tartsatsi zai faɗa masa cikin takalmi ya ƙona fata har ka ji ƙauri, ka ce masa sannu, ya ce, "Ba komai." Zazzaɓi zai kama shi haƙoransa na kaɗawa, ya ɗaura rawani a ka ya ci gaba da aiki. Ɗan'azumi mai faci, wanda rumfarsa ke jikin shagon, ya raɗa masa suna Malam Ba-Komai. Yakan ce ko tirela ce ta bi ta kan Auwalu, in aka ɗago shi abin da zai fara faɗa ke nan. Auwalu yakan yi murmushi ya ce, "Ni ba wanda ya lallashe ni ina yaro, ga ni kuma na girma. Yaran yanzu ne aka sangarta."

Gaskiya ya faɗa, in ban da kakarsa ba wanda ya lallashe shi. An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Rano, shi ne ɗan farin Inna Hauwa. A garinsu ana riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ma ta cika kallonsa sai mata su sa ta a gaba da tsiya. Amma al'adar ba ta yar da yaro ba, ta tanadar masa kaka. Da an yaye shi kaka za ta ɗauke shi, ita ce mai goyo, ita ce mai lallashi, ita ce mai ɓoye masa tsokar nama a ƙasan kwano. Auwalu ya ɗanɗani wannan gatan, sai dai kafin ya isa shiga makaranta kakar ta rasu. Aka mayar da shi ɗakin uwarsa, ita kuwa tana nan da kunyarta, ga ƙannensa a hannu, mahaifinsa kuma rabin shekara yana Kudu wurin cin rani. Kowa a gidan ya ɗauka wani ne ke kula da yaron. Ba a dukansa, ba a hana shi tuwo, ba a dai kallonsa ne.

Ranar wani suna a gidansu, tsakar gida cike da mata, ya taka garwashin da aka kwashe daga murhu, toka ta lulluɓe shi. Ya ruga da kuka ya nufi uwarsa yana ɗaga ƙafa. Tana tsakiyar mata, surukanta na zaune suna kallo. Ta kau da kai ta ce, "Wata ta duba yaron can." Kowace ta ɗauka wata za ta tashi, aka ci gaba da kwasar tuwo. Ya tsaya yana jira har kukan ya ƙare don kansa. Daga nan ya ja ƙafa ya koma bayan rumbu ya ɗaure ta da tsumma. Ƙunar ta yi ruwa, ta daɗe ba ta warke ba, ta bar masa tabo mai tauri a tafin ƙafar hagu, wanda har yau yake sa shi ɗingishi in ya daɗe a tsaye. A bayan rumbun nan ya yanke wa kansa hukunci irin na yaro, cewa faɗin ciwo ba ya kawo kowa, kunya kawai yake ƙara wa mutum.

Ya shigo Kano yana saurayi, ya koyi walda, ya buɗe shagonsa, ya auri Rukayya. Suka kama haya a Gyadi-Gyadi, gida mai sassa biyu da famfo ɗaya a tsakar gida. Ɗaya sashen na Uzochukwu ne mai sayar da kayan gyaran mota, shi da matarsa da kowa ke kira Maman Chisom. Matar nan ta daɗe a Kano, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba.

Da Allah ya ba su 'ya mace, Auwalu ya sa mata sunan mahaifiyarsa, ana kiranta Jidda. Yana son yarinyar nan so mai tsanani, wannan ba shakka. Takalmin makarantarta ba ya kai ga yagewa, kuma duk ranar da ya biyo ta wurin mai balangu sai ya riƙo mata nata ƙullin daban, ya miƙa wa uwarta ya ce a ba ta. Amma bai san yadda ake yi da son ba. Bai taɓa ɗora ta a cinya ba. Ko Jiddar ma bakinsa ba ya iya faɗa, sai dai "ke." In ta faɗi ta taho da kuka, sai hankalinsa ya tashi, shi ba haushi ba shi ba tsoro ba, ya ce, "Share hawayenki, ba komai."

Rukayya 'yar birni ce, ba ta ɗauki kunyar ɗan fari da zafi ba, ta kuma sha yi masa magana.

"Malam, yarinyar nan fa duk inda ka yi idonta na kanka. Ko ɗan wasa ka riƙa yi mata mana."

"'Yar fari ce. Haka aka yi mana."

"Wa yake wannan yanzu? Kuma ai ni ce uwa, ni ya kamata in ji kunyar, ba kai ba."

Sai ya ɗauki hularsa ya fita. Al'adar ta zame masa wurin fakewa ne kawai, domin ko da babu al'adar bai san ta inda zai fara ba.

Yara kuwa akwai lura. Wata rana Jidda ta faɗo daga kan dakali ta goge gwiwa har jini ya fito. Ta miƙe, ta cije leɓe, ta ce, "Ba komai." Auwalu ya juyo ya kalle ta, kallo na sosai, ya ce, "Yauwa." Wannan yauwa ɗin yarinyar ta riƙe ta kamar kayan sallah. Ta gano ƙofar da ake bi a shiga wurin mahaifinta, daga ranar kuma ba a ƙara jin kukanta a gidan ba. Rukayya har tana faɗa wa mutane cewa Jidda ta yi hankali.

Shekarar da Jidda ta shiga aji biyu Rukayya ta sake haihuwa. Makarantar a Tarauni take, kusa da shagon, saboda haka aka shirya in an tashi ta jira a wurin mahaifinta, da azahar ya kai ta gida a babur. Ya ajiye mata benci can ciki, ya ce ta zauna nan kada ta matso. Sau ɗaya ya faɗa, ya juya baya. Duk mai walda ya san ƙa'idar aikinsa: kafin ka kunna injin gurza ƙarfe, ka waiga ka ga wa ke kusa. Auwalu yana waigawa saboda mai wucewa, yana waigawa saboda akuya ma. 'Yarsa ce kaɗai idonsa ya saba tsallakewa. Ita kuwa kullum tana jan jiki kaɗan-kaɗan, daga benci zuwa bakin ƙofa, daga bakin ƙofa zuwa bayansa, ta tsuguna tana kallon hannuwansa. Ba ta da wani wuri a duniya da take samunsa kusa haka.

Ran nan yana gurza bakin wata taga, tartsatsi na feshi ta gefen da take tsugune. Wani ɗan ɓurɓushin ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba ya shige mata idon dama. Ta dafe idon, ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta tuna. Ta lallaɓa ta koma kan benci ta zauna. Da zai kai ta gida ya ga ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, bai tambaya ba.

A gida Rukayya ta ga idon ya yi ja yana zubar da ruwa.

"Me ya samu idonki?"

"Ba komai, Umma."

"Yana miki ciwo?"

"A'a."

A lokacin ana fama da apolo a unguwar, kusan kowane gida akwai mai jan ido. Rukayya ta aika kemis aka sayo maganin ɗigawa, ta hana ta zuwa makaranta, ta kuma ce kada ta matso kusa da jariri. Haka yarinya ta yi kwanaki a gefe ita kaɗai, ƙarfe na tsatsa a cikin idonta, tana amsa kowace tambaya da kalmomin da ta gada.

Maman Chisom ce ta gano. Da safe ta fito wanki ta tarar da Jidda a bakin famfo tana tara buta, ruwa na zuba a gefen bakin butar yana jiƙa mata ƙafa, ita kuwa ba ta ma lura ba.

"Jidda, zo nan. Ɗago fuskarki in gani."

Ta buɗe idon da yatsu biyu, ta juya ta wajen haske, sai ta saki salati irin nasu. A daidai lokacin Auwalu yana fito da babur.

"Baban Jidda, ajiye babur ɗin nan ka zo ka kalli 'yarka."

"Ai apolo ce. Ta ce ba ya mata ciwo."

"Ban tambaye ka abin da ta ce ba. Na ce ka zo ka kalle ta. Ka durƙusa ka kalli cikin idon."

Ya jingine babur, ya zo ya durƙusa. A kan baƙin idon akwai wani ɗan ɗigo ruwan ƙasa, fari ya kewaye shi. Ba ya bukatar a faɗa masa mene ne, domin ya sha ganin irinsa a idon abokan sana'a. A durƙushen nan kuma ya ga wani abin da ya ƙara karya masa zuciya. Haƙorinta na gaba ya fita har sabo ya yi rabin fitowa, shi kuwa bai san yaushe aka yi ba.

Shi da Maman Chisom suka kai ta babban asibitin da ke bakin titin Zariya, tunda Rukayya na jego. Likitar ido, wata mai suna Dakta Adesewa, ta ɗiga maganin kashe zafi, ta cire ƙarfen, ta rufe idon da auduga. Sannan ta zauna ta yi musu bayani a hankali.

"Ƙarfen ya fita, amma ya bar gyambo a kan baƙin idon, kuma ya daɗe a ciki. Za ku riƙa ɗiga wannan maganin akai-akai. Abin da nake tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su nutsa ciki. In hakan ta fara, ciwon zai ƙaru, kuma a ranar nake so a dawo da ita, kada a jira ranar da na rubuta. In aka makara za a iya rasa idon. Ni ba na gidanku, ku kuma ba kwa cikin jikinta. Ita kaɗai za ta san ya ƙaru." Ta juya ga yarinyar. "Jidda, kwanakin nan yana miki ciwo sosai, ko?"

Jidda ta kalli mahaifinta da ido ɗaya ta ce, "Ba komai."

Likitar ta dubi yarinyar, ta dubi uban. Ta ce Maman Chisom ta ɗan fita da Jidda, sannan ta juyo ga Auwalu.

"Malam, na cire ƙarfe a idon ƙarti majiya ƙarfi, tun daga bakin ƙofa ake jin ihunsu. Yarinyar nan ta kwana da shi ta tashi da shi, ko uffan. Wa ya koya mata haka?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Akwai abokin aikina a ɗaya sashen, Malam Abdulmalik. Aikinsa zama da mutane su yi magana a kan abin da ke cin ransu. Ina so ka gan shi yau."

"Likita, ni fa ƙalau nake. Ba ni da taɓin hankali."

"Ban ce kana da shi ba. Na ga inda ta kalla kafin ta ba ni amsa. Yarinyar nan ba za ta faɗi ciwo ba sai ta ga ka yarda a faɗa, idonta kuma a kan faɗin ya rataya."

Don idon ya je, ba don kansa ba. Malam Abdulmalik mutum ne mai sanyin magana, bai yi masa wa'azi ba, bai kuma ɗora masa laifi ba. Bayan sun gaisa ya ji abin da ya faru, sai ya yi masa tambaya guda.

"Lokacin da kake kamar shekarunta, in ka ji ciwo, wurin wa kake zuwa?"

Auwalu ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai ya ga tambayar ba ta karɓarta. Can sai ya ji bakinsa yana ba da labarin garwashi da tsakar gida da bayan rumbu, labarin da ko Rukayya ba ta taɓa ji ba. Kafin ya kai ƙarshe hawaye na bin gemunsa, yana sharewa da hula yana ba da haƙuri.

"Ba abin ba da haƙuri a nan," in ji Malam Abdulmalik. "Yaron da ya yi kuka ba a zo ba, yakan daina kukan, amma ciwon yana nan inda yake. Sai ya girma da shi. Wasu su zama masu saurin fushi, wasu ba sa yarda da kowa, wasu kuma irinka, ba sa iya neman taimako, kukan yaro ma tayar musu da hankali yake yi, don yana tuna musu da nasu. Shirun nan ya taimake ka lokacin da ba ka da kowa. Yanzu kana da mutane, shi ne kuma yake cutar da su."

"To me zan yi?"

"Abu kaɗan-kaɗan. Ka kira ta da sunanta. In tana magana ka kalle ta. Ka bari ta ji daga bakinka cewa kai ma kana jin ciwo. Sannan ka riƙa dawowa muna zama, domin abin da aka ƙulla tun yarinta ba ya kwancewa a zama ɗaya."

Faɗa da sauƙi, yi da wuya. Auwalu ya rufe shago, ya karɓi aikin ɗiga magani da kansa. Sau da yawa yakan tsaya a bakin ƙofa da sunan a kan harshensa, sai ya ji ya ce, "Ke, zo a sa maganin." Ana cikin haka Inna Hauwa ta iso daga ƙauye dubiya, da ƙullin kuka da daddawa da man kaɗanya. Ta rungume jikarta, ta karɓi jariri, ta yi wa Rukayya sannu. Da ta zo kansa sai ta kalli bango kamar yadda ta saba, ta ce, "Mutanen birni, an same ku lafiya?" Zuwanta ya ƙara wa harshensa nauyi.

Amma ko ba komai yanzu yana kallo. Da hantsin wata rana ya lura Jidda ba ta taɓa kokonta ba. Ta koma lungun ɗaki ta juya wa hasken ƙofa baya, hannunta ya damƙe bakin zanen gado. Inna da Rukayya na zaune a tabarma a bakin ƙofa, Maman Chisom na shanya a tsakar gida.

"Idon yana ciwo?" ya tambaya.

"Ba komai, Baba."

Ya san muryar nan, tasa ce. Ya waiga ya ga mata uku duk suna iya jinsa, cikinsu har da wadda ta haife shi. Kunya ta taso masa tun daga ƙafa, irin ta ranar sunan nan. Ya tuna maganar likita. Sai ya zauna a ƙasa dirshan a gaban 'yarsa, ya miƙe ƙafar hagu, ya juya mata tafin.

"Jidda."

Yarinyar ta zabura, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan muryar ba.

"Kin ga wannan tabon? Wuta na taka ina kamar ke. Ta yi min ciwo sosai. Na yi kuka har muryata ta dishe."

"Kai, Baba? Ka yi kuka?"

"Na yi. Ba wanda ya zo, sai na ɗauka faɗin ciwo laifi ne. Da nake ce miki ba komai, ba gaskiya nake faɗa miki ba. Har yau in na daɗe a tsaye tana min ciwo. Jiya ma ta yi, a layin karɓar magani."

Jidda ta miƙo ɗan yatsa ta taɓa tabon a hankali. "Sannu, Baba."

"Yauwa, na gode. Kin ga na faɗa miki nawa, har na ji sauƙi. To ke fa? In kin faɗa min zan zo. Ko ina nake zan zo."

Ta kalle shi da ido ɗayan, tana neman ta ga ko da gaske yake.

"Baba, tun da safe kamar ana soka min allura. Ya fi na jiya."

Sai kuka ya ƙwace mata, kukan da ta daɗe tana tarawa. Auwalu ya sure ta ya ɗora a kafaɗa a gaban mahaifiyarsa, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba, Maman Chisom ta biyo shi da su a hannu har bakin titi inda ya tare adaidaita sahu.

Dakta Adesewa ta duba ta ce abin da take tsoro ne ya fara. Ta ba su gado, ta canza magani mai ƙarfi. Da ta gama ta ce masa, "Da kun kai gobe, da wata maganar muke yi yanzu. Wa ya gaya muku ya ƙaru?"

"Ita ta faɗa," in ji Auwalu. Bai taɓa yin alfahari da wata ƙofa da ya ƙera kamar yadda ya yi da wannan maganar ba.

Da la'asar ya koma gida ɗauko musu kaya, ya tarar da Inna ita kaɗai a tsakar gida. Ya gaishe ta zai wuce, ta ce, "Zauna." Ya zauna a bakin tabarma.

"Miƙo ƙafar."

Ya miƙa. Tsohuwar ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta riƙe da hannu biyu, tana bin tabon da babban yatsa.

"Na ga lokacin da ka taka," ta ce, idonta a kan ƙafar. "Na ji kukan har cikin hanjina. Surukaina na zaune, na ce wata za ta tashi. Da na ga kana ɗingishi na haɗa magani na ba ƙanwar babanka ta shafa maka, kunya ta hana ni in tambaya ko ta shafa."

"Ba ta shafa ba, Inna."

"Na sani. Na daɗe da sani. Ka yafe min."

Kalmomin nan biyu da ya saba, "ba komai," suka taso masa har bakin leɓe, ya haɗiye su.

"Ta yi ciwo, Inna. Ta yi ciwo sosai. Amma na yafe."

Ba ta kira sunansa ba, har yau ma ba ta iya ba. Ta dai jawo ƙullin man kaɗanyar da ta kawo wa mai jego, ta lakato, ta shafa wa tabon da ya girmi aurensa, tana shafawa hawayenta na ɗiga a kai.

Idon Jidda ya tsira. Sai dai gyambon ya bar ɗan farin tabo a gefen baƙin idon, kuma dole ta riƙa sa tabarau in za ta yi karatu. Auwalu ya ci gaba da zuwa wurin Malam Abdulmalik, wani zaman ya fito da sauƙi, wani ya fito idonsa ja. Ba a rana ɗaya ya canza ba, har yanzu "ke" takan suɓuce masa, sai ya gyara. Rukayya ta ce ranar da ya fara ce mata kansa na ciwo, saura kaɗan ta yi guɗa. Ita kuwa Jidda ta buɗe baki ba rufewa, ko sauro ne ya cije ta sai ta kawo ƙara, shi kuma sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya duba. Ɗan'azumi ya ce an lalata masa Malam Ba-Komai, yanzu bai san sunan da zai kira shi ba.

A shago ya kewaye bencin da allon ƙarfe. Kafin ya kunna inji yakan waiga ya ce, "Jidda, kina ina?" Sai ta leƙo ta ce, "Ga ni, Baba." Duk lokacin da ya kalli fuskarta sai ya ga ɗan farin tabon nan, ransa ya sosu, domin ya san inda aka samo shi. Bai ƙara kau da kai ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yaro ba abinci da sutura kaɗai yake bukata ba, yana bukatar a kalle shi, a kira sunansa, a zo in ya yi kuka. Son da aka ɓoye a zuciya bai isa wurin yaro ba, a wurinsa daidai yake da babu, kuma rashin kulawar da aka yi masa yana binsa har girma, ya sauka a kan 'ya'yansa ba tare da ya yi niyya ba. Kunya abu ne mai kyau, amma kada ta hana mu tashi idan yaro ya ɗago mana ƙafa. Wanda kuma ya tashi da irin wannan rauni, ya sani ba laifinsa ba ne, kuma yana da magani: ya yarda cewa abin ya yi ciwo, ya faɗa wa wanda ya amince da shi, ya nemi masana ba tare da jin nauyi ba, sannan ya fara ba 'ya'yansa abin da shi bai samu ba, ko da kaɗan-kaɗan ne. Kada ya jira sai ido ya kusa tafiya kafin ya durƙusa ya kalli ɗansa.